Open ko Solo: a ina ya kamata mu 'yan Kaduna mu yi fataucinmu a Elite Dangerous?

Malam Bashir, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so mu tattauna a fili, don na gaji da jin ta ɗaiɗai ta bayan fage. Masu buga Elite Dangerous, wasan kwamfuta na tuƙa jirage a sararin samaniya, a zauren nan mun fara yawa, amma kowa yana can shi kaɗai. Wasu suna Solo, inda ba ka ganin kowa sai jiragen da kwamfuta ke tuƙawa. Wasu suna Open, inda ake cuɗanya da mutanen duniya. Shawarata mu koma Open gaba ɗaya, mu riƙa fita fatauci a ayari. Wasan ya yarda mutum huɗu su haɗu a tawaga ɗaya, kuma in ɗaya ya sayar da kaya ya ci riba, abokan tafiyarsa da ke wurin suna samun kashi 5 cikin 100 na ribar ba tare da an rage masa komai ba. Biyu su ɗauki kaya, biyu su yi rakiya da makamai. Me kuka gani?

Abdul, Kawo:
Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa, wannan tafiyar ba da ni ba. Makonni na yi ina jigilar ƙananan kaya da ƙaramin jirgi Hauler har na tara kuɗin jirgin dako Type-6, miliyan ɗaya da 'yan kai, na ci gaba da juya kuɗin har na iya cika shi da zinare. Daren Laraba ina Open, saura ƙiris in isa tasha, sai allon ya fara girgiza, wannan shuɗin ramin ya buɗe, wani yana fizgo ni daga gudu. Da muka faɗo na duba rada, alamarsa mai kusurwa uku ce, cikinta holoƙo, wato mutum ne ba kwamfuta ba, kuma ya riga ya fito da bindigoginsa. Na rubuta masa gaisuwa, na ce ya faɗi abin da yake so in zubar masa. Ko harafi ɗaya bai mayar min ba. Kafin in ankara garkuwata ta tafi, gilashin gabana ya tsage ya fashe, ƙarar komai ta dushe, agogon iskar numfashi ya fara ƙirgawa. Daga nan sai allon inshora. Na biya na karɓi jirgi, amma kun san inshora ba ta biyan kaya. Abin da ya fi ƙona min rai, ko tan ɗaya bai ɗauka ba. Kashe ni kawai ya zo yi.

Ishaya, Sabon Tasha:
Kai, sannu ƙanena. A wane wuri ne?

Abdul, Kawo:
A Deciat, Yaya Ishaya.

Ishaya, Sabon Tasha:
Na yi zargin haka. Deciat tsarin taurari ne a wasan, nan ne mazaunin Felicity Farseer, injiniyar da ke ƙara wa jirgi nisan tsalle daga tauraro zuwa tauraro, kuma kusan duk sabon ɗan wasa wurinta yake fara zuwa. Masu kisan banza sun san haka, shi ya sa suke tsuguno a can. Haka tsarin taurarin Shinrarta Dezhra, haka duk inda aka sanar da aikin gayya na mako. In ka cire irin waɗannan wuraren, sararin ya fi ƙarfin kowa: tsarin taurari biliyan 400 ne a wasan. Sai ka daɗe kana yawo a Open ba ka ga ɗan adam ba.

Kuma akwai dabarar tsira, kowa ya riƙe ta. In an fara fizgo ka kuma ka ga mutum ne, kada ka yi kokawa da shi. Mayar da gudunka sifili, ka miƙa wuya. In ka yi haka injin tsalle yana hucewa cikin daƙiƙa 10, in kuwa ka yi gardama aka kayar da kai sai ka jira wajen 40, kuma a wannan jiran ake gamawa da mutum. Da kun faɗo, zuba wutar jirgi kashi huɗu a garkuwa, biyu a inji, ka yi ta bugun gudu kana wuce shi ta gefensa, kada ka ba shi baya a miƙe. Sannan ka zaɓi wani tauraro daban ka yi tsalle can. Kada ka nemi komawa gudun cikin gida, wato gudun da ake yi a cikin tsarin taurari ɗaya, domin nauyin babban jirgi a kusa da kai yana danne wannan, amma ba ya danne tsalle zuwa wani tsarin taurari. Daƙiƙa 15 kake buƙata ka rayu. Wanda ya cire garkuwa don ƙarin 'yan tan na kaya ba zai kai ba.

Abdul, Kawo:
Na gode Yaya, na adana. Amma fa zuciyata ba ta sauka ba tukuna.

Anti Maryam, Barnawa:
Malam Bashir, ka yi haƙuri, ni ina bayan Abdul, kuma dalilina ba na dabara ba ne. Duk wanda ke garin nan ya san abin da ake nufi da tare hanya. Mun ga shekarun da in ɗan uwanka ya kama hanyar Abuja ba ka da sukuni sai ya kira ya ce ya wuce Jere. Mun ga Maris na 2022 da aka kai wa jirgin ƙasa hari, tashar Rigasa ta zauna shiru har Disamba. Ni in na gama aikin gida, yara sun kwanta, na kunna kwamfuta, neman inda babu wannan fargabar nake yi. Ba zan sayi data da kuɗina don wani baƙo a wata ƙasa ya tsare ni a hanya, gabana ya faɗi, shi kuma ya ji daɗi ba. Mai wannan sha'awar ya yi abinsa, ban hana ba. Amma kada a ce gaba ɗaya.

Malam Bashir, Unguwar Rimi:
Maganarki tana da nauyi Hajiya, kuma na janye kalmar gaba ɗaya. Ba za a tilasta wa kowa ba. Amma bari in faɗi abin da ya sa nake nacewa.

Na yi fatauci a Solo har na mallaki Type-9, jirgin da ke ɗaukar sama da tan 700. Na san hanyar a ka: tashar da ke tace ma'adinai tana sayar da ƙarafa da araha, tashar manyan na'urori tana sayensu da tsada, duniyar manoma tana neman injinan girbi tana ba ka abinci, inda annoba ta ɓarke magani ya yi daraja. Ka duba shafin intanet na Inara, ka ga farashi, ka loda, ka yi tsalle, ka sauke, ka dawo. Wata rana na tsaya na tambayi kaina, me nake yi? Lamba ce kawai ke ƙaruwa a kusurwar allo. Babu wanda ya ga na iso, babu wanda ya taya ni, babu abin da zai iya hana ni isowa in ban da jiragen kwamfuta da na haddace halinsu.

Kakanninmu da ke zuwa Gwanja sayo goro ba su fasa ba don hanya tana da haɗari. Ayari suka haɗa, da madugu, da jagaba a gaba, da zangon da aka sani, kowa ya san aikinsa. Daɗin isowa gida da kaya yana cikin cewa an sha wuya tare. Wannan nake so mu ɗanɗana. Mutumin da ya kashe Abdul shi kaɗai ya gan shi a jirgin dako. Da ya ga jiragen Python biyu masu makamai a gefensa, da ya sake tunani. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sadik, Tudun Wada:
To ni bari in fito, tunda an zo wurin. Ni fashi nake yi a wasan, kuma ba na ɓoyewa. Amma a bambanta ni da wanda ya kashe Abdul. Ina da na'urar leƙa kaya, in na tsayar da mutum ina yi masa magana, in ce ga abin da na gani a jirginka, zubar min tan 10 ka wuce lafiya. Wanda ya ƙi, ina harba masa na'urar ɓalle ƙofar kaya, in kwashi abin da ya zubo, in bar shi da ransa da jirginsa. Sabon shiga a Sidewinder, ƙaramin jirgin da ake farawa da shi, kuwa ko kallonsa ba na yi. Masu wasan da kansu suka saka waɗannan kayan aikin a kasuwa. In babu irina, mai rakiyar da Malam ke magana wa zai tsare? Aikinsa ma bai taso ba.

Anti Maryam, Barnawa:
Sadik, kai ɗana ne a shekaru, don haka zan faɗa maka gaskiya. Kayan na ƙarya ne, amma lokacin da mutum ya kashe yana tara su na gaske ne. Wani da janareto ya tara, man da ya saya da guminsa. Ka karɓe da ladabi ko da ashar, ka dai karɓe. Ban ga abin burgewa ba.

Sadik, Tudun Wada:
Na ji Anti, kuma ban raina maganarki ba. Sai dai duk wanda ya danna Open ya san da mu a ciki, ga Solo a gefensa bai danna ba. Da amincewarsa ya shigo. Abin da ni ma ke damuna shi ne kasuwar ɗaya ce ga kowa. Mai Solo yana sauke kaya, farashi ya faɗi a wurina ni ma, ƙungiyar da yake yi wa aiki ta ƙwace tasha daga tamu, kuma ba ni da hanyar da zan tare shi. Wannan adalci ne?

Ishaya, Sabon Tasha:
Wannan gardamar ta girmi zauren nan Sadik, tun fitowar wasan a Disamban 2014 ake yin ta. Kamfanin Frontier, mai wasan, dai ya bar hanyoyi uku a buɗe, Solo, Open da rukuni mai zaman kansa, kuma duka suna taɓa duniya ɗaya. Akwai ma manyan rukunoni masu zaman kansu, irin su Mobius, da dubban mutane suka shiga bisa sharaɗin babu mai harbin ɗan uwansa. Ka ga akwai tsaka-tsaki, ba sai ɗayan biyun ba.

Injiniya Kabiru, Malali:
Ku bari in shigo da abin da ba a taɓa ba, wanda ni a ganina ya fi duk wannan muhimmanci gare mu a nan. Wasan nan ba ya haɗa mutane ta babbar kwamfuta ɗaya. In kuka haɗu a wuri, kwamfutarka da tasa ne ke magana kai tsaye. Mu kuma yawancinmu da layin waya muke shiga intanet, inda mutane da yawa ke raba adireshi ɗaya, kuma wannan yana wahalar da irin wannan haɗuwar. Sai ku shiga tawaga ɗaya, ku tsaya a tasha ɗaya, amma ba kwa ganin juna. Ayarin da mai rakiya bai faɗo wuri ɗaya da mai kaya ba, sunansa ayari ne kawai. Don haka kafin a ɗora wa kowa kaya, a gwada tukuna.

Na biyu, wuta. A Solo in an ɗauke wuta jirginka ya ɓace, in ta dawo ka ci gaba. A Open in ta tafi kuna tsakiyar faɗa, wancan zai ɗauka da gangan ka zare waya don ka tsira, abin da masu wasan suka ce maguɗi ne, kuma yana iya kai ƙararka. Hanyar da aka yarda da ita ita ce fita ta menu, wanda ke sa ka jira daƙiƙa 15 in kana cikin haɗari. Mai laftof da rauta mai batir ba shi da wannan matsalar sosai. Mai kwamfutar tebur babu inbata, ni ban ba shi shawarar yin faɗa a Open ba.

Datar wasan kanta ba ta da yawa in kana bugawa. Saukarwa da sabuntawa ne ke cin gigabait masu yawa. Kuma a sani, Solo ma sai da intanet.

Usman, Rigasa:
Ni dariyar farin ciki nake yi da na ga kuna wannan muhawarar, domin a EVE Online, wani wasan jiragen sararin samaniya, babu ma zaɓin. Tun 2003 da kamfanin CCP na ƙasar Iceland ya fitar da shi, kusan kowa a duniya ɗaya yake, babu wurin ɓuya. Kusan duk jirgin da ka gani a Jita, babbar kasuwar wasan, wani ɗan wasa ne ya haƙo ma'adinin, wani ya ƙera, wani ya yi dakonsa. Har masanin tattalin arziki kamfanin ya ɗauka aiki a 2007 don ya riƙa lura da kasuwar. A Janairun 2014 aka yi yaƙin B-R5RB, kusan awa 21 ana gwabzawa, manyan jiragen Titan 75 suka ƙone, aka ƙiyasta asarar da kimanin dala dubu 300. Kuma musabbabin, kuɗin riƙe yanki ne ba a biya a kan lokaci ba. Wannan shi ne fatauci mai rai Malam. A Elite kwamfuta kake sayar wa.

Malam Bashir, Unguwar Rimi:
Gaskiyarka Usman, ta fuskar kasuwa EVE ya yi gaba. Amma a can ba ka riƙe sitiyarin jirgi da hannunka kana kutsawa ta wannan siririyar ƙofar tasha da Type-9, gefe da gefe saura kaɗan ka goga. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mu dawo kan namu.

Malam Haruna, Badarawa:
Tunda ana maganar ayari, ni ina da sharaɗi biyu in za a sa ni. Na farko, kayan da za a ɗauka. A kasuwannin wasan akwai giya, akwai ƙwayoyi, akwai bayi, har da waɗanda Daular cikin wasan ta halatta cinikinsu. Na san hoto ne a allo, ba fatawa nake bayarwa ba, amma ni raina bai taɓa kwanciya da loda mutane a matsayin tan ba, komai ribarsa. Ga zinare, ga magani, ga hatsi, ga injina. Na biyu, lokaci. Wasan nan ba a tsayar da shi, in ka bar jirgi a sarari ka tashi, abin da ya same shi ya same shi. A sa tafiyar bayan Isha, kuma a ƙayyade lokacin tashi, kada mu wayi gari muna makara Asuba.

Ishaya, Sabon Tasha:
Na goyi bayan duka biyun Malam. In daren Asabar ne, ni ma ina da coci da safe, a tashi da wuri.

Khalifa, Mando:
Salam yayyena, ni sabo ne, har yanzu ina Sidewinder da aka ba ni. Wani a tasha ya rubuto min wai in je Hutton Orbital ana raba Anaconda kyauta. Da gaske ne?

Ishaya, Sabon Tasha:
Ƙarya ce Khalifa, tsohuwar tsokana ce da ake yi wa sababbi. Hutton yana Alpha Centauri, kuma daga inda za ka faɗo sai ka yi kusan awa ɗaya da rabi kana miƙe hanya kafin ka isa. Ƙaramar tasha ce, ko filin saukar babban jirgi ba ta da shi, balle Anaconda mai kuɗi sama da miliyan 140. Kofin tunawa ake sayarwa a can. Abin da za ka riƙe a yanzu: kada ka tashi da jirgin da ba ka da kuɗin inshorarsa, kashi 5 cikin 100 na darajarsa. Ka sayi na'urar ɗibar mai daga tauraro, kuma ka sani taurari masu harafin K, G, B, F, O, A da M kaɗai ke ba da mai. In ya ƙare maka a daji, nemi Fuel Rats, 'yan wasa ne masu sa kai tun 2015, za su kawo maka kyauta.

Malam Bashir, Unguwar Rimi:
Kun gani ko? Fuel Rats ɗin nan ma mutane ne. Wanda ya rufe ƙofa saboda mugu, ya rufe ta har da na kirki.

Anti Maryam, Barnawa:
Suna zuwa har cikin rukuni mai zaman kansa Malam, ba sai a Open ba. Kuma ni ban ƙi mutane ba, ku fahimce ni. Ni mai bincike ce, da jirgin Asp Explorer nake yawo. Bayanan da na tara ba su zama kuɗi sai na dawo na sayar a tasha, kuma in aka fasa jirgina a hanyar dawowa, duk sun tafi, har da sunana da za a rubuta a kan duniyoyin da ni na fara gani. Wata da watanni ke nan na aiki, ba lodi ɗaya ba.

Abin da ya riƙe ni a wasan nan shi ne taurarin na gaske ne, kimanin dubu 150 daga kundin masana aka ɗauko su aka ajiye a mazauninsu. Kaza da 'ya'yanta da kakata ke nuna mana a tsakar gida, na je can. Tafiyar shekarun haske kusan 400 ce daga rana tamu, na tsaya a Maia, ɗaya daga cikin taurarin, hasken shuɗi ya cika min ɗakin tuƙi. Na kira babbar 'yata ta gani, washegari da dare muka fita waje ta nemo su a sama da kanta. Yanzu burina Sagittarius A*, baƙin ramin da ke tsakiyar gungun taurarinmu, wajen shekarun haske dubu 26. A 2019 sama da mutum dubu 10 suka yi rajistar tafiyar Distant Worlds 2 zuwa Beagle Point, can ɗaya ƙarshen, fiye da shekarun haske dubu 65. Ayari ne shi ma, kuma a rukuni mai zaman kansa aka shirya shi. Har yau ko kashi 1 cikin 100 na taurarin ba a taka ba. In kuna son tafiya tare irin wannan, ni ce ta farko a layi.

Abdul, Kawo:
Anti wallahi kin sa na ji sha'awa. Amma maganar Malam ma ta shige ni. In da rakiya, kuma ba duk jarina zan zuba ba, zan gwada sau ɗaya in gani.

Malam Bashir, Unguwar Rimi:
To ga abin da na tsinta. Injiniya ya buɗe mana rukuni mai zaman kansa na 'yan zauren nan, babu harbin juna, kowa ya shiga, har da Hajiya da Khalifa. Daren Asabar bayan Isha kuma, masu so mu fita Open. Ina ganin mu fara da kayan da ba a samu ko'ina ba na yankin Lave, inda wasan farko na David Braben da Ian Bell ya faro a 1984. Masarar Diso da madarar Leesti, kaɗan ake ba kowa, jarinsu ba yawa, kuma farashinsu yana hawa in ka kai su nesa, wajen shekarun haske 150 zuwa sama. Ko an yi asara ba mai zafi ba ce. Barasar Lave a bar musu abinsu. Abdul da Malam Haruna su ɗauki kaya, ni da Ishaya mu yi rakiya.

Sadik, Tudun Wada:
Ni fa Malam? Na fi kowa a nan sanin inda ake tsayawa a tare mutum, da yadda ake shigo masa ta baya. Ku sa ni a rakiya, ba mai taɓa Abdul.

Malam Haruna, Badarawa:
In akwai kuɗin kamu a kanka a yankin, 'yan sandan tasha za su buɗe maka wuta muna tare, mu shiga uku. Ka fara biyan tararka tukuna.

Anti Maryam, Barnawa:
Kuma in zai shiga rukuninmu, ya ajiye sana'ar tasa a ƙofa.

Sadik, Tudun Wada:
A rukuninmu na ajiye Anti, na yi alkawari. A Open kuwa, ban da 'yan zauren nan, ban ce na daina ba. Tarar zan biya kafin Asabar.

Injiniya Kabiru, Malali:
Tawaga mutum huɗu take ɗauka, don haka in Sadik ya shigo sai an yi biyu. Usman, in kana da wasan ka zo mu cike ta biyun. Na buɗe rukunin, kowa ya turo min sunan matuƙinsa ta akwatin sirri. Gobe Juma'a da ƙarfe tara na dare mu haɗu a Lave Station mu gwada ko muna ganin juna. Wanda bai bayyana ba ya gaya min irin layin da yake amfani da shi, mu duba saitinsa. Khalifa, kai Sidewinder ba zai kai ka can da sauƙi ba, faɗa min inda kake in zo in same ka.